Ranar da Takobin Baba Idi Ya Ƙi Fita

Ko da zan manta da komai na zamana a Guangzhou, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban jama'a ina kokawa da kube ba. Har yau in na tuna sai na rufe fuska, ko ni kaɗai ne a ɗaki.

Sana'ata buga tambari a jikin riguna. 'Yan kasuwarmu su sayo kaya a kasuwar Shahe, ni in manna musu sunan shagonsu. To a masallaci na san Baba Idi, wani dattijo mutumin Maraɗi mai safarar atamfa. Shi ne ya gaji wasan takobi da garkuwa irin na da wurin mahaifinsa, kuma 'ya'yansa da ke Yamai babu wanda ya kula da abin. Duk Lahadi sai ya tara mu a saman benen masaukinsa, mu 'yan kaɗan, yana koya mana da sanduna. Ni dai gaskiya ba don takobi na fara zuwa ba, don tuwon da ake ci bayan an tashi ne.

Da muka fara yawa, har da 'yan Gana da 'yan Mali, saman bene ya yi mana kaɗan, maƙwabta kuma suka fara ƙorafi. Sai aka haɗa mu da wani Basine, Malam Lin, mai koyar da wasan takubban Turawa na da a wani zaure kusa da titin Huanshi Lu. Ya ce mu zo mu nuna wa ɗalibansa namu, in ya ga ƙungiya ce ta gaske zai riƙa ba mu zauren. Nan fa jinin tallan Kanawa ya motsa min. Na ce, "Baba, ka bar min wannan. Ƙungiya ba suna ba tambari ai taron shan shayi ce." Na raɗa mana suna Zaratan Sahel, na buga riguna, na sa aka zana mutum yana zare takobi. (Wanda ya ce mutumin ya yi kama da ni, sharri yake min. Ƙeyar ce kawai ta zo ɗaya.)

Saura hoton talla. Na roƙi Baba Idi ya ara min takobin mahaifinsa, wanda ba ya bari ko kallonsa a yi da yawa. Shi kaɗai ne abin da ya rage masa na tsohon. Zai yi tafiyar sayen kaya ta mako biyu, sai ya ciro shi daga ƙasan akwati, kubensa na jan fata, ya ɗora min a hannu biyu. "Ɗana, amana ce. Yana da mansa a jiki, ka bar shi yadda ka gan shi."

Na ce to. Irin "to" ɗin nan na wanda ya riga ya gama shawara da kansa.

Da na zare shi a shago sai na ga ƙarfen ya yi duhu, ga maiƙo. Haba! Wa zai shiga ƙungiya saboda takobi mai kama da tsohon kasko? Na samu sabulun wanke-wanke da soso na dirje shi tas, har kuben na goge ciki da waje da jiƙaƙƙen tsumma. Ya yi ƙyalli kuwa, hoto ya fito kamar ka sace. Na mayar da shi kube na jingine a bayan kwalaye ina yi wa kaina kirari. Lokacin kuma na danshin nan ne na Guangzhou, da bango ke zufa, wanki ya ƙi bushewa.

Ranar taro zaure ya cika. Ɗaliban Malam Lin sun jeru da hulunansu na ragar ƙarfe masu kare fuska a hannu, mu kuma cikin sababbin riguna. Baba Idi daga tasha ya wuto, ya zauna a gaba. Tsarin da na yi shi ne in fito tsakiya, in zare takobin kamar mutumin tambari, in miƙa masa a fara. Na fito ina taku ɗai-ɗai, na kama ƙota, na ja.

Shiru. Ko motsi.

Na yi murmushi irin na "da gangan ne", na sake ja. Na murɗa. Na matse kuben a hammata, daga baya na saka shi tsakanin gwiwoyi ina nishi kamar mai cire turke. Wayoyi duk sun ɗago ana ɗauka. Wani ɗan Gana ya ɗaga murya, "Sarkin yaƙi, abokan gaba sun gaji da jira fa!" Malam Lin ya matso da ladabi, ya nuna kuben ya ce, "Meyo?" Wato ko babu komai a ciki ne. Don in wanke kaina na ba shi kuben ya riƙe, na tattara ƙarfina na fizga. Takobi ya fito, ni kuma na tafi da baya na zauna daɓas, ƙafafu a sama.

Dariyar ba ta daɗe ba, don kowa ya ga ƙarfen. Tsatsa ta yi masa ja tun daga ƙota har tsini. Wallahi a lokacin na manta da zaure, na manta da wayoyi. Fuskar Baba Idi kawai nake kallo, kuma na gwammace ya mare ni. Garin neman gira na rasa ido.

Ya taso a hankali ya karɓa, ya zauna a ƙasa ya ɗora shi a cinya, yana shafa tsatsar da babban yatsa. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Sai ya ɗago ya ce a fassara wa mutane: "Bon, to, darasin farko ke nan. Ɗana ya nuna muku abin da ke kashe takobi." Malam Lin ya ruga ya ɗauko kwalbar mai da tsummoki. Ashe su ma yaƙin da suke yi ke nan da danshin garin. Kafin ka ce me, Sinawa da mu duk mun zauna a ƙasa, tsohon yana gogewa yana ba da labarin mahaifinsa. Ba a yi wasa ko ɗaya ba ranar, amma an ba mu zauren.

Tsatsar ta fita, sai wani tabo kusa da ƙota da ya ci ƙarfen, ba zai goge ba har abada. Da aka fara watsewa na durƙusa na ce, "Baba, na ci amana. Ka yafe min."

Ya juyo min da takobin. "Ka ga wanga ɓalli? Na kakana ne. Wanga na babana. Wanga nawa ne, ina yaro na sari dutse da shi, na sha bulala." Ya ɗora yatsana a kan sabon tabon. "Na daɗe ina tsoron in mutu ba wanda ya ƙara masa ko ɗaya. Ga naka. Tashi, ka zama ɗan gida."

Na yi kuka a gaban Sinawa, ƙaton mutum da ni, ga ƙura a wando.

Yanzu ƙungiya ta bunƙasa, har Sinawa muna da su. Na sauya tambari, takobin yana cikin kubensa lafiya lau. Duk Juma'a ni ke shafa masa mai, Baba Idi na zaune yana kallo, don ya ce ɗan gida ne ni amma bai ce ya yarda da hannuna ba. In dattijo ya ce min in bar abu yadda na gan shi, yanzu "to" ɗina na gaske ne. Sabulu kuwa na bar shi ga kwanuka.