Rasuwar Agogon da Ya Auna Gudun Chioma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsan da har yanzu yake dannawa a banza, ni Kyari Tela na Fagge nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar agogona na auna gudu. Ya cika ranar Talata a kan teburin Boniface mai gyaran agogo, a Kasuwar Sabon Gari, bayan shekara ashirin da shida a wuyana.

Marigayin ba ya cin batir, murɗa masa kai kawai ake yi. Bai taɓa ƙin fita da sassafe ba, ko a ranakun da ni kaina nake jan ƙafa. Maganarsa ba ta wuce ƙat, ƙat, ƙat, sannan ƙis.

Shekara uku ke nan da ya san Chioma, 'yar Madam Nkechi wadda nake sayen zare a wurinta. Na ga yarinyar ta bi ɗan adaidaita da ya tafi da kayan uwarta, ta kamo shi a ƙafa. Daga ranar muka soma fita filin makarantar bayan layinmu. A wayarta muka kalli wata 'yar Samoa, tsibirin da aka ce mutanensa ba su kai na Fagge da Sabon Gari ba, tana gudun mita ɗari a gasar duniya da tutar ƙasarta a ƙirji. Daƙiƙa sha ɗaya da ɗigo shida ta yi. Bana marigayin ya ba Chioma daidai wannan lokaci, har sau huɗu.

Da shaidarsa na je gaban Madam Nkechi, na bugi ƙirji, ta amince 'yarta ta ajiye gurbin da ta samu a makarantar koyon jinya, ta rungumi gudu.

Ciwon ajali ya bayyana a gasar zaɓen 'yan wasa. A hannuna ya ce sha ɗaya da shida, na'urar alƙalai ta ce sha biyu da bakwai. Chioma ta zo ta shida. Na yi ta musu har aka fitar da ni daga fili. Da Boniface ya buɗe cikin marigayin, sai ga tsatsa, ta ruwan da ya taɓa dukanmu tun daminarmu ta farko a fili da Chioma. Ashe jan ƙafa yake yi, yana haɗiye daƙiƙa guda a kowane gudu. Ban ce ya yi ƙarya ba. Ciwonsa ya ɓoye irin na dattawa, ni kuma ban taɓa gwada shi da wani agogo ba, don abin da yake faɗa yana mini daɗi.

Ya bar igiyarsa, da usur, da ni. Ya bar Madam Nkechi, wadda har gobe take sayar mini da zare ba ta kallon fuskata, kuma wallahi gara ta zage ni. Ya bar Chioma, wadda yau kwana tara ba ta ɗaga wayata ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan sallar asuba, a layin ƙarshe na filin makaranta. Babu zaman makoki, kuma kada kowa ya zo mini da sabon agogo. Duk wanda ya ga Chioma ya gaya mata laifin nawa ne, ba na ƙafarta ba. Ba za a rufe ramin ba sai ta zo. In rana ta take ba ta zo ba, zan mayar da shi aljihu, in dawo wata Asabar.