Na Bakwai Yana Hannun Tsoho

"Lafiya lau, Nduk. Sai dai tun da kajina suka ji ƙarar babur ɗinki suka daina yin ƙwai," in ji tsohon, wanda ke kiran jikarsa Nduk, wato 'yata, ita kuma tana kiransa Mbah, wato kaka.

"Gara su, Mbah, sun taɓa yi. Kanka fa, yaushe rabonsa da fitar da ko silin gashi ɗaya?"

Mbah Pawiro ya shafa sanƙonsa da hannun hagu, na dama kuwa bai saki ludayi ba. Yana tsugune a bayan gida gaban murhu, yana juya ƙwayoyin kemiri, masu kama da gyaɗa da yawan maiƙo, a kaskon ƙasa. Shekara arba'in da ɗaya matarsa, Mbah Sarinten, ta yi tana haɗa man gashin da matan kasuwar Kutoarjo ke rububinsa, shi kuma aikinsa ɗaya ne, suyar kemiri. Duk wadda ta tambaye ta sirrin man sai ta ce abu bakwai ne, shida a hannunta, na bakwai a hannun tsohon nan. Shi kuwa sai ya gyara hula ya gyaɗa kai kamar wani babban masani. Wata takwas ke nan da rasuwarta, jikarsu Ningrum ta karɓi sana'ar, kuma man ya ƙi.

Ningrum ta dire jaka a gabansa, kwalabe suka yi ƙara.

"Biyar aka dawo da su. Bu Lastri mai kayan miya ta ce mai ne mai kyau, har ta soya ƙwai da shi."

"To ai ya yi amfani."

"Ta ce in cire sunan kakata daga jikin kwalba, wai kada in ɓata wa baiwar Allah suna a kabari. Kuma Mbah, in wannan haɗin ma ya ƙi, cirewa zan yi."

Maganar ta soke shi ƙwarai, amma bai ɗaga ido daga kaskon ba. Tun ranar da aka binne matarsa bai ƙara barin ƙwaya ɗaya ta wuce launin ruwan zuma a suya ba. Abin da ya rage zai iya yi mata ke nan.

"Ke da kika je birni koyon haɗa mai," in ji shi, "me suka koya miki?"

"Sati biyu na yi, na dawo da takardar shaida da ciwon kai." Ta zaro littafi. "Saurara ka ƙaru. Man kwakwa sunansa uwar mai, shi ke goya sauran. Na fure sunansa ɗigon ƙamshi. Mafi daraja kuma shi ne man da aka tatsa a sanyi, wanda bai taɓa ganin wuta ba."

"Man da bai ga wuta ba? Irinki ke nan, ɗanya. Shi ya sa har yau ba wanda ya zo tambaya."

"Wa zai zo? Duk saurayin da ya ji kakana ne mai man tsirar da gashi, yana leƙowa ya ga kanka sai ya ce duk gidan maƙaryata ne."

"Wannan kan hutawa yake yi. Da ina saurayi sai da almakashin aske tumaki ake mini aski."

"Mbah Sarinten ta ce da sanƙonka ta aure ka. Ta ce ranar ɗaurin aure a ciki ta duba kwalliyarta."

"Ta gani kuma ta yi kyau."

Ningrum ta danne dariya, ta buɗe sabon shafi. "Ƙungiyar 'yan kasuwa ta ce kowace kwalba a rubuta abin da ke ciki. Man kwakwa, ɗaya. Kemiri, biyu. Furen kenanga. Ɓawon lemon tsami. Saiwar jema. Sai ganyen nan mai kama da ƙoƙo da ke bakin rijiya. Shida. Ba ni na bakwai."

"Ba a faɗa ranar Laraba."

"Wancan satin ka ce ba a faɗa ranar Asabar."

"Ba a faɗa wa wadda ba ta karya ba."

"Na ci shinkafa faranti biyu, tambayi babur ɗina. Mbah, wata takwas kana mini yawo da hankali. Jira kake ka tafi da shi, ka je can ka haɗa wa mala'iku?"

Mbah Pawiro ya mayar da ido kan kaskon. Ya gaji da gyaɗa kai, kuma kunya ta ishe shi.

"Ban sani ba."

"Ba ka san me ba?"

"Na bakwan. Ban taɓa sani ba. Ranar farko da kakarki ta faɗa a kasuwa mata suka juyo suna kallona da girmamawa. Ni da ba a taɓa tambayata ko farashin gishiri ba. Sai na gyaɗa kai. Da na gyaɗa sau ɗaya, ina zan sa fuskata in tambaya?"

"Shekara arba'in da ɗaya?"

"Wuyana ma ya saba."

"Ni na bar aikin masaƙa na dawo ƙauye saboda sirrin da ke kan nan, ashe cikin ma wayam yake kamar wajen."

"Wa ya aike ki? Ke da kika zauna tsakanin ƙafafunta shekara goma sha biyar tana shafa miki, me hancinki yake yi? Ado?"

"Hancinka na gada."

"Ƙarya kike, nawa yana jin ƙamshin soyayyar ayaba daga ƙauye uku." Ya miƙe, ya juya wa murhu baya, yana nuna ta da ludayi. "Kakarki sak. Baki kamar injin kankare kwakwa. Ita ma haka take, sai ta ga na ɗora kasko sannan za ta tuna akuyar da na sayar da arha tun kafin a haifi uwarki."

"Ai da arhar ka sayar."

"Gurguwa ce."

"Ciki gare ta, Mbah, kowa ya sani. Akuya biyu ka bayar a kuɗin rabi."

Yana shirin kare kansa da akuyar sai ya ga ta yi tsit, hancinta na motsi. Hayaƙi ne ke tashi ta bayansa. Ya juya a firgice, ƙwayoyin sun yi baƙi ƙirin, suna tsattsafo da maiƙo.

"Kin gani ko? Kin sa na ƙona."

"Kada ka zubar." Muryarta ta yi ƙasa. Ta durƙusa gaban kaskon, ta lumshe ido. "Wannan ne. Haka zanen kakata yake ƙamshi. Haka kaina yake yi ranar sallah."

Mbah Pawiro ya tsaya da ludayi a hannu. Sai yanzu ya tuna yadda kowane faɗansu da matarsa yake ƙarewa. Tana tsakiyar zancen akuya sai ta ja hanci ta ce, ka ƙona su kuma, sauke, ai ba za a zubar ba. Bai taɓa lura cewa kullum a daidai wannan baƙin take cewa a sauke ba. Kewarta ta taso masa, sai kuma dariya ta riga ta fita.

"Ashe da ni ake haɗa man. To me ya hana ta ce mini in ƙona kawai?"

"Da ta ce ka ƙona, da ka yi?"

"Da na yi gardama."

"To." Ningrum ta goge ido da bakin mayafi, ta ɗauki biro. "Me zan rubuta? Ba su koya mana sunan wannan ba."

"Rubuta ƙonannen kemiri. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe ki sa: da wawan miji guda ɗaya."

"Ba zai shiga ba, kwalbar ƙarama ce."

"To bar shi. Sunanta dai kada ki taɓa."

"Yana nan."

Ya sa hannu a aljihun riga ya zaro wani tsohon mataji na katako, wanda maiƙo ya mayar baƙi. Wata takwas yana yawo da shi.

"Ungo, na kakarki ne. Mutane sun fara kallona in na fito da shi."

Ta karɓa da hannu biyu.

"Laraba mai zuwa zan ɗora kasko da hantsi," in ji shi. "Ki zo da abin faɗa."

"Akuyar ta isa, Mbah."

"Gurguwa ce," ya ce, ya ɗauko tsumma ya sauke kaskon.