Kowa Kawun Gola Ne

Da ƙungiyar ƙwallonmu ta unguwar Tandabawi ta ɗora mini yanke kuɗin tikiti don mu sayi riguna, na ce ni ba na aiki da ka. Gida gida na bi ina binciken kasuwa. Duk dattijon da na tambaya sai ya ce, "Riyal ashirin? Wallahi ya yi araha, ya waladi, ɗana!" Sai na mayar da shi talatin.

Ranar wasa na tsaya bakin ƙofa ina hura hanci. Wanda ya fara zuwa ya ce shi kawun gola ne. Na biyu shi ya raɗa wa kyaftin suna. Wa zai tare su? Fili ya cika maƙil, tikiti ɗaya aka sayar, wanda na saya don buɗe kasuwa.

Har yau in na je walima sai an tare ni a ƙofa: "Abu Tikiti, talatin!"