Sanarwar Rasuwar Allon Tsarin Aikinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ta ƙi kwanciya, nake sanar da abokan aiki rasuwar Allon Tsarin Aiki na ma'ajiyarmu ta magunguna, bayan shekara goma sha tara yana rataye a bangon ofishina.

Marigayin mai tsari ne, ba ya son rikici. Da hannuna na zana shi: akwatuna ashirin da uku, kibiya na miƙa aiki ga kibiya, tun daga isowar takardar buƙata har zuwa tashin mota. Bai taɓa ɗaga murya ba, in banda ƙii-ƙii ɗin alƙalami a jikinsa. Wasiyyarsa ɗaya ce, kwali ba ya fita sai da sa hannuna.

Ciwon ajalinsa daɗaɗɗe ne, ni kuma na ɓoye shi. Hanya ɗaya tak ya sani. Sau biyu mai kula da sito, baiwar Allah mai 'ya'ya huɗu, ta roƙe ni in ƙara kibiyar da za a bi in abu ya ɓaci ba na nan. Na ce mata zane zai yi muni.

Ranar Talata wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, ni ina taro wayata a kashe. Mai kula da sito ta tsaya gaban marigayin, bai nuna mata wata hanya ba. Sai ta kwashe alluran rigakafi ta kai firjin wani asibiti kafin su lalace. Aka dakatar da ita saboda saɓa tsari. Aka tambaye ni, na nuna allo. Tun ranar ban iya zama a kujerata ba. Jiya damshi ya ƙarasa cin bango, marigayin ya faɗo ta fuska.

Ya bar alƙaluma uku, biyu sun bushe, da tsumman goge-goge, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma. Amma kafin a kai shi bayan sito, zan ɗauke shi a kaina zuwa ɗakin da kwamiti zai yanke hukuncinta, in nemi su nuna mini hanyar da ya kamata ta bi. Ba a buƙatar masu ɗaukar makara. Wannan kaya nawa ne.