Lahadi Ta Ce Sha Ɗaya, Takarda Ta Ce Uku

Jiya na bar babur ɗina a layin mai, kwanansa uku ke nan a wurin, na taka da ƙafa na raka Lahadi taron rufe bincike. Kafin in dawo wani ya shige gabana. Amma ba wannan ne ya hana ni cin tuwo ba.

Lahadi 'yar maƙwabciyata Salome ce. Ta haura talatin, Allah ya yi ta da jinkirin fahimta. Sana'arta kai wa matan unguwa niƙa inji, don haka babu gidan da ba ta sani ba har ƙuryar ɗaki.

Wata biyu da suka wuce wasu manya suka sauka Kontagora cikin Fijo, wai za su ƙidaya masu irin lalurarta. Duk unguwar da aka samu mutum goma za a buɗe musu ajin koyon sana'a, har an nuna mana ɗakin. Kuma wai sabon salo aka zo da shi: masu lalurar su ma abokan bincike ne, da su za a yi komai. Aka ɗauki Lahadi, aka ba ta riga mai rubutu. Aikinta na farko riƙe wa shugabansu, Yallaɓai Sarkin Alƙaluma, lema, na biyu tsayawa a hoto. Na ukun har yau muna jira.

Shi kuwa Yallaɓai, Allah ya ƙara basira, sai ya tsaya ƙofar gida, gaban 'yan zaman hira, ya buɗe murya: "Maigida, akwai taɓaɓɓe a gidan nan?" Don Allah jama'a, wane magidanci ne zai amsa wannan a gaban surukinsa? Kowa ya ce lafiya lau. Haka ya gama unguwa da mutum uku, har da wadda ke riƙe masa lema.

A wurin taro mun sha rana awa huɗu muna jiran Mai Girma Babban Baƙo, daga ƙarshe wakilin wakilinsa ya iso. Aka karanta uku, aka tafa. Ni ma na tafa, kunya ta ishe ni, amma an riga an ba ni lemo. Sai aka miƙa wa Lahadi lasifika, don an kwana biyu ana koya mata "mun gode".

Ta dubi Yallaɓai ta ce, "Baba, ba uku ba ne. Akwai Ruka. Akwai Abdulsalami, ana rufe shi in baƙi sun zo. Akwai Shadrach, yana son kaji." Tana faɗa tana lanƙwasa yatsu. Yatsu suka ƙare, ta ƙara da kanta.

Yallaɓai ya yi murmushi ya ce, "Baiwar Allah, waɗannan ba sa cikin takarda."

Salome ta miƙe. "Ranka ya daɗe, ai ita ke shiga gidajen. Ku ba ku wuce zaure ba."

"Mama, bincike yana da ƙa'ida. An riga an buga rahoto."

Nan take lasifika ta lalace. Aka kamo babban yatsan Lahadi aka dangwala a bangon rahoton, ƙarƙashin inda aka rubuta "abokiyar bincike". Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa ganin an sa mutum ya ƙaryata kansa da yatsansa, ana tafa masa ba.

A hanyar gida ta ce da ni, "Baba, Litinin za mu fara, ko? Na gaya musu duka. Ruka ta wanke zanenta." Na duƙa ina gyara takalmin da babu abin da ya same shi.

Na san Lahadi, in ta ce Litinin, to Litinin ce, gida gida za ta bi ta kwaso su. Saboda haka idan Yallaɓai ya ratso ranar ya ga mutum goma sha ɗaya zaune ƙofar ɗakin da ke kulle, kada hankalinsa ya tashi. Uku ne. Sauran takwas ɗin babu su, an riga an buga hatimi.