Cindo da Sitiyarin Jirgin Kawunsa

Gidan Inna Ladi mutum uku ne: ita, da ɗanta Cindo, da ƙanenta Kyaftin Sambo mai koyar da tuƙin jirgin sama, wanda kan leƙo ranar Juma'a. Cindo ƙato ne mai ƙarfin manomi, amma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Inna ta dinga roƙo har Kyaftin ya saka shi a makarantarsu, yana tsaki.

Wata rana Kyaftin yana koya musu yadda ake ceto jirgi idan ya birkice a sama. Ya ce, "Jikinka zai yi maka ƙarya. Abin da mita ta nuna kaɗai za ka yarda da shi." Da yamma babur ɗin Cindo ya mutu a hanya, mai ya ƙare, amma lalatacciyar mitarsa tana nuna tanki cike. Nan ya zauna a kai har Kyaftin ya zo wucewa.

"Kai, sakarai, me kake jira?"

"Kawu, mita ta ce akwai mai."

Wata rana kuma ya ce musu, "Komai ya faru, kada ka zabura. Tsaya ka gane abin da ke faruwa tukuna." Ranar akuya ta tura kai cikin tukunyar miyar Inna, Cindo na tsaye yana kallo har ta lashe ta tas.

"Yanzu na gane, Inna. Sha take yi."

Wata rana haƙurin Kyaftin ya ƙare. Da safe ya sa hannu a takardar kora, ya ce, "Tashin yau ne na ƙarshe. Daga nan kada in ƙara ganin fuskarka. Kuma ji nan, idan jirgi ya ɗaga hanci yana karkarwa, tura sitiyari gaba, ko uban wa ya yi maka ihu." Suna sama hadari ya rufe su, iska ta wulwula jirgin, ya ɗaga hanci ya kama karkarwa. Kyaftin mai shekara talatin a sama kansa ya juye, ya ga kamar ƙasa suke faɗawa, ya finciko nasa sitiyarin.

"Ja! Ja, don ubanka!"

Cindo ya danna gaba da duk ƙarfinsa, ya rinjayi kawun. Jirgin ya sunkuya, ya sami iska, ya daidaita. Da sun ja, da sai dai a tsinto su.

Suna sauka Cindo ya durƙusa. "Kawu, yi haƙuri, na ƙi jin maganarka ta biyu." Girman kai ya hana Kyaftin yi masa godiya. Kafin ya huce ya nemi janye takardar, ta riga ta wuce ofishin shugaban makarantar.

Har yau duk Juma'a Kyaftin yakan je gidan da godiyarsa a baki. Da ya yi sallama, sai Cindo ya amsa da ladabi, ya juya fuskarsa ga bango.