Jan Goro a Ɗakin Gwajin Huhu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa aka rufe ɗaki guda a asibiti ba. Shekaru ina babbakar ganda a kwatar Agege ta Legas, hayaƙi ya sa numfashina ya fara sarƙewa, sai likita ya tura ni wani asibiti wajen Ogba a auna ƙarfin huhuna.

Tun bayan korona sun tsaurara. Ɗai-ɗai ake shiga, tagogi a buɗe, kowa da sabon bututunsa mai matatar iska a ciki, in ya gama hurawa a jefar. Nas ɗin, wata Bayarabiya mai jin Hausa, ta tambaye ni ko ina tari, ko akwai abu a bakina. Na ce babu. (Ɓarin jan goron da ke kuncina tun cikin motar haya ta danfo, wallahi na manta da shi.)

Ta matse min hanci ta ce, "Baba, ja iska, ka hura da dukkan ƙarfinka!"

Na hura kamar mai tada gawayi. Ta zare bututun ta leƙa, sai ta yi baya da sauri. Matatar ta yi jajir.

"Jini! Baba, tun yaushe?"

Na kama salati, ina lissafin wa zai riƙe min yara. Nan take ta ɗaura min takunkumi, aka kori masu jira daga baranda. Ina hango Alhaji Sule, maƙwabcina dillalin shanu, ya toshe hanci da hannun riga yana fita da baya-baya.

Likita ya shigo a rufe ruf, ido kaɗai ake gani. Ya ce in buɗe baki, ya haska tocila, ya daɗe yana kallo.

"Malam, goro ka ci?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Duk da haka sai da suka feshe ɗakin, suka bar shi ya sha iska, mutane na tsaye a rana suna harara ta.

Da la'asar na shiga sahu a masallacin unguwa, na ga dama da hagu an bar min filin mutum biyu-biyu. Alhaji ya riga ni isowa gida.

Abin da na koya: in za ka yi abin kunya, ka tafi asibitin da maƙwabcinka bai sani ba.